Kashin Tsuntsaye a Jikin Mota: Rumfa, Riga, Man Kariya, Ko Korar Tsuntsayen?

Duk mai mota ya san wannan takaici. An wanke ta fes, an goge, tana ɗaukar ido, kafin a juya sai ga farin tabo ɓaro-ɓaro a kan bonet, wani kuma yana gangarowa ta gilashin gaba. Wasu har sun yarda cewa jira tsuntsaye suke yi a gama wankin. Ba jira suke yi ba, amma akwai dalilan da suka sa abin ya fi faruwa a wannan lokaci. Galibi a inuwa ake wanke mota, inuwar kuma sau da yawa ta bishiya ce, wato daidai ƙarƙashin masaukinsu. Ruwan da ya kwanta a ƙasa yana jawo su su sha su yi wanka. Jikin mota mai ƙyalli yana zama madubi, wani tsuntsun ya ga kansa ya ɗauka abokin gaba ne. Sannan ido ba ya kama tabon a kan motar da ta yi buɗu-buɗu da ƙura yadda yake kama shi a kan mai tsabta.

Munin gani ƙaramin abu ne idan aka dubi abin da ke samun fenti. Shi ya sa mutum kan rasa ta inda zai ɓullo: ya kafa rumfa ne, ya sayi rigar mota, ya kai a shafa mata siramik (wani ruwan kariya mai daskarewa a kan fenti), ko ya nemo abin da zai kori tsuntsayen baki ɗaya? Kowanne yana da masu yabonsa, kowanne kuma yana da inda yake gazawa. Ba a iya auna su sai an san yadda ɓarnar take aukuwa.

Yadda kashin yake cin fenti

Tsuntsu ba ya fitsari dabam. Kashi da fitsarinsa ta kafa ɗaya suke fitowa a haɗe: baƙin ko koren da ke tsakiya shi ne kashin, farin da ya kewaye shi kuma shi ne abin da ƙoda ta tace, wanda tushensa sinadarin yurik asid ne. Wannan farin ba ya narkewa a ruwa da sauƙi. Shi ya sa ruwan sama kan sauka a kansa ya wuce ya bar shi, in ya bushe kuma ya kama ƙam.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na share fage a kan ƙarfe, sai launi, sai shafin sama wanda ba shi da launi, shi ne yake ba mota ƙyalli kuma yake tare wa launin rana. Kaurin wannan shafin ƙyalli yawanci bai wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sau da yawa silin gashin mutum ya fi shi kauri. Duk rigimar kashin tsuntsu a kan wannan ɗan siririn shafi ake yin ta.

Babban abokin kashin wajen ɓarna shi ne zafi. Mota mai duhun launi da ta wuni a rana, jikinta kan haura digiri 60 a ma'aunin salshiyas. A 2011 kamfanin Autoglym na Birtaniya, mai yin kayan gyaran fenti, ya bayyana abin da ya gano: a cikin zafi shafin ƙyalli yana yin laushi ya ɗan buɗe, kashin kuma yana bushewa ya yi tauri, da dare ya yi jikin motar ya huce sai fentin ya tsuke ya ɗauki siffar abin da ke kansa. Wannan ce inuwar da take saura bayan an wanke tabon, wadda sabulu ba ya fitar da ita. Kamfanin Ford ma a 2020 ya nuna cewa yana haɗa kashin tsuntsu na jabu a ɗakin gwaji, ya fesa a kan fallayen da aka yi wa fenti, ya saka su a tanda a digiri 40 da 50 da 60, don ya ga juriyarsu. Abin lura a nan shi ne, masu ƙera motar da kansu da zafi suke gwada shi. Kashin da ya sauka da asuba aka share shi da hantsi da wuya ya bar alama. Wanda ya sha ranar tsaka ya kwana, shi ne abin tsoro.

Akwai ƙari biyu. Tsuntsaye masu cin ƙwaya, irin su tantabara da kurciya, suna haɗiye tsakuwa da yashi don niƙa abinci a cikinsu, saboda haka kashinsu yana ɗauke da abin da zai karce fenti idan aka murza shi a bushe. Masu cin 'ya'yan itace kuwa, har da jemagu duk da su ba tsuntsaye ba ne, suna barin rini mai shiga jikin farar mota.

Game da launi, ana yawan ambaton wata ƙidayar motocin da kashi ya fi sauka a kansu da kamfanin Halfords, mai sayar da kayan mota, ya yi a 2012 a kan motoci 1,140 a birane biyar na Birtaniya, inda jajayen motoci suka zo kan gaba da kashi 18 cikin ɗari, koraye suka zo ƙarshe da kashi 1. Ƙidayar 'yan kasuwa ce, kuma ban ga hikimar mutum ya zaɓi launin mota saboda ita ba. Inda motar take tsayawa ya fi launinta tasiri nesa ba kusa ba.

Ma'aunin da za a bi

Tambaya ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: abin yana hana kashin taɓa fenti ne, ko jinkirta ɓarnarsa yake yi? Masu talla suna son cakuɗa waɗannan biyun, alhali ba ɗaya suke ba. Bayan ita sai kuɗi, na farko da wanda za a riƙa maimaitawa. Sai ƙarko. Sai ɗawainiya, wato abin da zai buƙata daga gare ka kullum, har ranar da ka dawo a gajiye. Sai haɗari, domin wasu hanyoyin kariyar su da kansu suna iya lalata fentin da aka saye su dominsa. Na ƙarshe: a gida kaɗai yake aiki, ko yana bin motar duk inda ta je?

Sauya wurin ajiya

Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. Ƙasa tana gaya maka komai: in ka ga fari-fari a dandaɓe a wuri, to sama da shi masauki ne. Ƙarƙashin wayar wuta, turken fitila, bakin rufin bene, allon talla, bishiyar da suke kwana ko mai 'ya'ya, duk wuraren gudu ne. Tsuntsu yakan yi kashi ne a inda ya sauka ko daidai lokacin da zai tashi, saboda haka matsar da mota taku kaɗan yakan isa.

Matsalarsa ita ce musaya ake yi. Ka gudu daga bishiya ka faɗa rana, rana kuma tana dusashe fenti, tana fasa robobin ciki, tana mai da motar tanda. Inuwar gini ta fi ta bishiya, in dai ba a manne da bango daidai saitin bakin rufi ba. Wanda kuma aka ware masa gurbi ɗaya tak a wurin aiki ko gidan haya, wannan zaɓi bai shafe shi ba.

Rumfa ko gareji

A batun hana kashin sauka, babu na biyunsa. Rufi yana tare kashi, da rana, da danƙon bishiya, da ƙanƙara, kuma ba ya neman komai daga gare ka sai ka shiga ka kashe mota. Kuɗinsa na farko yana da nauyi, amma rumfar ƙarfe da kwano da aka kafa da kyau tana iya kai shekaru masu yawa, har ta ga bayan motar da aka yi ta dominta.

Sai dai akwai abin da mutane ba sa tunawa sai an gama aiki. Ƙarafan da aka gicciya a ƙarƙashin kwanon wurin zama ne mai daɗi ga tantabaru da ƙananan tsuntsaye, ga inuwa, ga kariya daga shaho. In aka bar su a buɗe, an gina musu ɗaki ne daidai saman motar. Maganinsa a yi sili, ko a ja raga a ƙarƙashin ƙarafan, a toshe kusurwoyin da za su iya yin sheƙa. Rumfar yadi mai huji-huji ta fi arha kuma tana rage zafi, amma kashin da ya taru a kanta yakan jiƙe da ruwan sama ya ɗigo a kan motar. Dole kuma a kafe ƙafafun da kyau, domin rumfar da iska ta ɗaga tana iya yin ɓarnar da tsuntsayen shekara goma ba za su yi ba. Mai zaman haya sai da yardar mai gida, kuma ranar tashi ba lallai ya tafi da ita ba. Rumfa dai ba ta bin mota wurin aiki.

Rigar mota

A nan ne na fi ganin mutane suna yin asara, don haka zan ɗan daɗe. A ido, riga ce amsar da ta fi dacewa: ba ta da tsada sosai, tana tare kashin gaba ɗaya, ana naɗe ta a jefa a but a tafi da ita ko'ina. Duk wannan gaskiya ne. Amma riga tana da sharaɗi guda da ba a sassautawa: jikin motar ya kasance mai tsabta kuma busasshe kafin a rufa.

Dalilin a fili yake. Ƙurar da ke kan mota yashi ne mai laushi. In aka ɗora riga a kanta, iska ta wuni tana kaɗa rigar, to gogar fentin ake yi da wannan yashin. Dubi kusurwoyin bonet da gefen rufin motar da aka daɗe ana rufewa da datti: za ka ga wurin ya yi dishi-dishi, in hasken rana ya faɗa a kai kuma ka ga siraran zane suna kewaya juna. Haka nan in aka rufe ta da danshi, ko aka yi amfani da tamfol ko ledar da iska ba ta ratsawa, laima takan maƙale a ciki, rana ta dafa ta, a wayi gari da gizo-gizon fari a jikin fenti, wani lokaci har da warin funfuna a cikin motar.

Rigar da ta cancanci kuɗinta tana da alamomi: cikinta mai laushi, yadinta yana barin tururi ya fita, an ɗinka ta daidai girman motar ba ta yi mata burum-burum ba, kuma tana da igiya ko maɗauri da ke bi ta ƙarƙashi. Arha ba ta ado: mai sauƙin kuɗi takan fara ruɓewa a rana kafin shekara ta zagayo, ta riƙa barin gari a jikin motar, mai kyau kuwa tana kai 'yan shekaru. Ita ma rigar tana son wanki, tunda kashin da ka hana sauka a fenti a kanta yake taruwa. Wajen naɗewa a kula kada bayanta mai datti ya haɗu da cikinta. A kuma bar salansa ya huce kafin a rufa.

Ɗawainiyar ita ce ainihin jarrabawa. Wanda yake fita sau uku ko huɗu a wuni ba zai jure cirewa da mayarwa ba, kuma motarsa ba za ta kasance da tsabtar da rigar take buƙata ba. Ga irinsa akwai rabin riga, mai rufe saman mota da gilasai kawai, wadda ta fi saurin sakawa, ko da yake ta bar bonet da but a waje. A titi kuma riga abin ɗauka ce ga mai dogon hannu.

Kaki da man kariya

Daga nan mun bar masu hana kashin sauka, mun shiga masu jinkirta ɓarna. Kakin mota na asali daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, kanauba, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil. Yana ba fenti ƙyalli mai zurfi, yana sa ruwa ya dunƙule ya gangare, amma wata ɗaya zuwa uku yake yi, a wuri mai zafi ma ƙasa da haka. Man kariya na haɗin masana'anta ya fi shi jimiri, yakan kai wata huɗu zuwa shida.

Amfaninsu a nan biyu ne: kashin ba ya kamawa ƙam, kuma abin da zai fara ci shi ne shafin, kafin ya kai ga fenti. Wannan sa'o'i yake ƙara maka, ba kwanaki ba. Kuɗinsu kaɗan ne, mutum yana iya shafawa da kansa a inuwa, haɗarinsu kuma bai wuce farin saura a kan baƙaƙen robobi ba. Babban abin da ke kashe su shi ne wanki da sabulun kwanuka ko garin sabulun tufafi, waɗanda aka yi su don cire maiƙo. Motar da aka wanke da irin wannan tana fitowa tas a ido, alhali an tuɓe mata kariyarta, kuma a wannan hali ne kashin ya fi samun fentin tsirara. Gwajin mai sauƙi ne: watsa ruwa a bonet. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da saura. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

Shafin siramik

Ruwa ne mai ɗauke da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, wanda yake kama jikin shafin ƙyalli ya daskare. Wanda ƙwararre ya shafa yakan yi shekara biyu zuwa biyar. Na feshi da ake sayarwa a kwalba da sunan siramik kuwa watanni yake yi, ya fi kusa da man kariya.

Yana da kyau ƙwarai wajen abin da aka yi shi dominsa: datti ba ya kama motar sosai, wanki yana sauƙi, kuma ya fi kaki jure sinadarai da zafi. Amma ina so a ji wannan da kyau, domin a nan ake yawan yaudarar mutane: kaurinsa bai wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Kashin da aka bari ya wuni ya kwana a rana yana iya cin siramik ɗin, wani lokaci ya ratsa shi. Lambar 9H da ake bugawa a kwali ma'aunin taurin bakin fensirin da ake gwada karce shafin da shi ce, ba ta nufin motar ta zama gagara-karce. Wanda ya biya kuɗin siramik don ya huta da share kashi, bai sayi abin da yake zato ba.

Tsadarsa yawanci a aikin share fage take. Sai an wanke, an cire duk abin da ya maƙale, an goge fentin da inji har zane ya fita, domin duk aibin da aka bari a ƙasa an rufe shi ke nan na shekaru. Bayan shafawa motar tana son wuni guda ba ruwa, da kamar mako guda ba wanki, kuma a wannan tsakanin ne ya fi kamata a ɓoye ta daga tsuntsaye. In hannun da ya shafa bai ƙware ba, akan sami wurare masu duhu-duhu da ba sa fita sai da injin gogewa. Saboda haka a nan zaɓen ma'aikaci ya fi zaɓen kwalba muhimmanci.

Ledar kariya

Wannan leda ce mai haske garau, ta robar poliyuretan, da ake manna wa a jikin fenti. Asalinta daga aikin soja ne: kamfanin 3M ya samar da irinta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam. Kaurinta yakan kai maikuron 150 zuwa 200, wato ta ninka shafin ƙyallin motar sau uku ko fiye. A cikin duk abin da ake sakawa a jikin fenti, ita kaɗai ce shinge na gaske. Manyan kamfanoni suna ba ta garantin shekara biyar zuwa goma, wasu nau'o'in kuma ƙananan zane suna ɓacewa daga jikinsu in sun sha zafi. Ko kashi ya ɓata ta, fallen wurin ake ɓarewa a sa sabo, fentin ƙasa yana nan lafiya.

Ita ce mafi tsada, da tazara mai yawa. Akwai kuma wani abu da mai fama da tsuntsaye ya kamata ya sani: yawancin masu sakawa gaban mota suke rufewa, bamba da bakin bonet da madubai, saboda tsakuwar hanya. Tsuntsu kuwa daga sama yake aiki. In don shi za ka saka, rufi da bonet gaba ɗaya da murfin but su ne wuraren. Haɗarinta: mai arha tana komawa ruwan ɗorawa, bakinta yana ɗagowa ya tara datti, ma'aikaci marar kula yana iya yanka fenti da reza wajen datsa ta, kuma a motar da aka sake wa fenti ba da kyau ba tana iya tahowa da fentin ranar cirewa. Sabon fenti ma yana son a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin a rufe shi da leda, ko siramik, ko kaki.

Korar tsuntsayen

Mujiyar roba, tsofaffin faya-fayan CD da ake ratayewa, zare mai walƙiya: duk suna aiki na 'yan kwanaki, daga nan tsuntsayen su gane ba abin da zai same su. Sauya musu wuri a kai a kai yana ɗan tsawaita amfaninsu. Na'urar da ake cewa tana korar su da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji kuwa, ban ba kowa shawarar saye ba. Irin wannan ƙara tana sama da kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, tsuntsaye kuma sun fi jin abin da ke tsakanin 1,000 da 4,000, yawancinsu ba sa wuce wajen 10,000. Kare da kyanwar gida ne za su sha wahalarta.

Abin da ke aiki shi ne hana su wurin zama: raga, ƙayoyin ƙarfe a bakin katanga ko saman ƙarfe don manyan tsuntsaye, sassabe reshen da ya miƙo saman wurin ajiya, da kawar da abinci da ruwan da ke jawo su. Guba da tarkon danƙo kuwa a bar su. Azaba ce ga halittar da ba ta san tana laifi ba, tana kashe kyanwa da shaho da suka ci gawar, kuma ƙasashe da yawa sun haramta.

Ruwa da tsumma a cikin mota

Duk zaɓin da aka yi, wannan yana tare da shi. Kwalbar fesa ruwa da tsumma mai laushi biyu sun isa. A jiƙa tabon sosai, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai na minti biyar zuwa goma, sannan a ɗauke shi sama a hankali, ba murzawa. A ɗauraye, a share da ɗaya tsumman. Ban da farce, ban da busasshiyar takarda, ban da kunna waifa a kan busasshen kashi. Jiƙawar tana da wani amfanin: busasshen kashin tantabara yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu taɓa huhu idan aka shaƙi ƙurarsa. Tabo ɗaya ba abin firgita ba ne, amma a wanke hannu, wanda garkuwar jikinsa ke da rauni kuma ya bar wa wani aikin in kashin ya taru da yawa.

In inuwa ta saura, marar zurfi takan fita da man gogewa, wata ma ta lafa da kanta bayan motar ta sha rana. Wadda ta yi tamoji ko ta tsattsage sai mai fenti. A tuna kowace gogewa da inji tana rage kaurin shafin ƙyalli, ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Ɗawainiya | Haɗari | Yana hana kashin taɓa fenti? |
|---|---|---|---|---|---|
| Sauya wuri | Babu | Muddin wurin yana nan | Kaɗan | Zafin rana | Yana ragewa sosai |
| Rumfa ko gareji | Mai yawa, sau ɗaya | Shekaru masu yawa | Kusan babu | Sheƙa a ƙarƙashi, iska | E, a gida kaɗai |
| Riga | Kaɗan zuwa matsakaici | Shekara 1 zuwa 'yan shekaru | Mai yawa | Karce, laima, sata | E, in an saka |
| Kaki ko man kariya | Kaɗan, ana maimaitawa | Wata 1 zuwa 6 | Matsakaiciya | Kaɗan | Jinkiri na sa'o'i |
| Siramik | Mai yawa | Shekara 2 zuwa 5 | Kaɗan | Mugun aiki | Jinkiri mai ɗan tsawo |
| Leda | Mafi yawa | Shekara 5 zuwa 10 | Kaɗan | Reza, ɗagowa, sauya launi | E, inda aka manna |
| Abin tsoratarwa | Kaɗan | Kwanaki | Matsakaiciya | Asarar kuɗi | A'a |

Wanne ya dace da wa

Mai gidan kansa wanda motarsa take kwana kuma take wuni a gida, ya yi rumfa ya rufe ƙarƙashinta, ya ƙara da man kariya sau biyu ko uku a shekara saboda fita. In kuɗin ya isa abu ɗaya ne kawai tsakanin rumfa da siramik, ni rumfa zan ce, domin tana maganin rana ma.

Mai zaman haya da motarsa kan yi kwanaki ba a taɓa ta ba, ko mai tafiya ya bar ta, riga mai kyau ce tasa, a wanke a busar kafin a rufa. Wanda kuma kullum yana kan hanya, yana tsayawa wurare dabam-dabam, ya manta da riga: man kariya, da duba sama da ƙasa kafin ya kashe mota, da ruwa da tsumma a but, su ne za su fisshe shi.

Sabuwar mota mai tsada, musamman baƙa ko mai duhun launi, wadda ake niyyar riƙewa shekaru kuma ba ta da rufi a wurin aiki, ita ce ta cancanci leda a rufi da bonet da but, sauran jikin a yi masa siramik in da hali. Tsohuwar mota da shafin ƙyallinta ya fara ɓarewa kuwa, ko wadda za a sayar nan kusa, kada a zuba mata wannan kuɗin, kaki ya ishe ta. Mai motoci da yawa a fili ɗaya ya fara da raga da ƙayoyi a inda tsuntsayen ke kwana, ya fi masa sauƙi a kan bin kowace mota da kariya.

In kuwa kashin a kan ƙofa yake, yana gangarowa daga madubin gefe, ga alamun saran baki a gilashin, to tsuntsu ɗaya ne yake faɗa da hotonsa a lokacin sheƙa. Naɗe maduban, ko a zura musu tsohuwar safa duk lokacin da aka ajiye motar. Bayan 'yan makonni lokacin zai wuce ya daina zuwa.